Taki Ce, Gwaggo

Dungas, watan Oktoba

Zuwa ga ƴata Hindatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin isa Sassumbrum lafiya, kin kama aikin koyar da yara a lakwal, an kuma ba ki ɗaki mai ƙofa. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da kika sani. An gama yankan gero, wake ne ya rage a gona.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Karatun manyan da na yi ba na banza ba ne, kuma waya ta gagare mu: ke sai kin hau tudu kike samun reso, ni kuma kunnena sai an buɗe murya unguwa duka ta ji. Harouna mai moto, ɗan kabu-kabu, zai riƙa ajiye takarda a wani kanti a Magarya, direktan lakwal ɗinku ya ɗauka in ya shigo gari.

Bayan haka, ga labarin uwar ɗakina Aziza. Yaye ya kama, amma mun ji jiki. Kwanakin farko ba ta da aiki sai tsayawa bakin zaure tana kallon hanyar da moto ya bi da ke. Na ba ta rubutun yaye da malam ya yi mata, ta furzar min a fuska. Na dama kunu, ta kife kwanon da ƙafa. Da yunwa ta ci ta, sai ta zo ta ɗaga min riga tana lalube. Na ce, "Baiwar Allah, wannan rijiyar ta ƙafe tun ba a haifi uwarki ba." Ta dube ni, ta dubi abin, ta fashe da sabon kuka. Matan gida har da riƙe ciki.

Yanzu tana shan kunun gyaɗa, amma sai a ludayina, in aka ba ta a wani ta ture. Ba ta barci sai ta riƙe min kunne. Na hagun duk ya yi ja.

Ranar da kika tafi ba ki waiwaya ba, kuma mata sun gani. Maƙwabciyata Nasiba ta ce ƴan bokon yanzu har sumbatar ɗan fari suke yi gaban mutane, suna kiran sunansa gatsau, amma ke kin nuna gidan da kika fito. Ni na koya miki wannan kunyar, na kuwa ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

In nono ya dame ki, ki matse a rami ki rufe da ƙasa, ki ɗaure ƙirji da zane. Zai wuce.

Gwaggonki,
Zulai

Sassumbrum, watan Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma yi miki sannu da ƙafa. Na san ba kya iya karatu a zuci, a tsakar gida za ki buɗe murya ki karanta wannan, don haka ina gaida Nasiba da duk mai saurare.

Ina nan lafiya. Ba cikin Sassumbrum ɗin aka ajiye ni ba, wani ƙauye ne gaba kaɗan. Ajina na zana ne, yara a ƙasa suke zama, ni kuma rabin aikina korar awaki ne, don sun gano bangon ajin abinci ne. Ƙananan aka ba ni, ƴan shekarar farko. Wata a cikinsu kullum sai ta yi barci a jikin ƙafata, ban san dalilin da ya sa ba na iya tashinta ba.

Ɗaki na samu a gidan wata mata mai kirki, Rahila. Tana da jariri. Ƙirjin ya yi sauƙi, sai dai in jaririn nan ya yi kuka da safe nakan canza riga kafin in fita.

Gwaggo, sauro ya yi yawa bana. Ku riƙa shiga gidan sauro tun da wuri, manya da yara. Ki kuma sa a riƙa rufe bakin rijiyar nan ta bayan ɗakinki, murfin ya tsage tun bara.

Na ga wasu ƴan takalma a kasuwa, na ce bari in saya ko akwai wanda za su yi wa a gidan. Suna cikin ledar.

Maigidan ya kira daga Agadas, yana gaishe ki. Yarinyar nan kuwa, ki yi haƙuri da ɗawainiya. In an yi hutun Disamba zan zo in gaishe ki.

Ƴarki,
Hinda

Dungas, watan Janairu

Hindatu,

Gaisuwa da fatan kin koma lafiya. Sanyi ya kama mu, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba.

Kin zo kin tafi kamar wadda ta zo ɗiban wuta. Kada ki sa a ranki don Aziza ta ɓuya bayan zanena da ta gan ki, haka yara suke. Ke ma ai kin kyauta, ba ki ɗauke ta gaban mutane ba, biskit ɗin ma ta hannun Nasiba kika miƙa. Da kika tafi ta leƙa ɗakin ta ce, "Baƙuwa ta tafi?" Ni kuwa Inna take ce min yanzu. Ba ni na koya mata ba, wajen yaran gida ta ji.

Bayan tafiyarki mun ga tashin hankali. Haƙoran ciki suka taso mata da zazzaɓi da gudawa, jikinta ya yi zafi rau, ko kunnena ta kasa riƙewa. Na goya ta da wannan ƙafar tawa har likita. Suka ba da magani da garin nan da ake kaɗawa a ruwa, suka auna damtsenta suka ce ba ta rame ba. Ban gaya miki a lokacin ba don kada ki bar aikin mutane. Yanzu ta warke sarai. Shaidar warkewar, jiya ta cika min randa da yashi, ta jefa tabarauna a tukunyar miya.

Wani abin haushi, rigarta ta ɓata, ruwan ɗorawar nan mai hoton agwagwa. Ranar da za ki tafi na cire mata ita duk kunu, na rataya a igiya kafin in wanke, ban sake ganinta ba. Akuyar Nasiba nake zargi, ta kuwa sha muciya.

Takalman da kika aiko, kin gani da idonki ba su shiga. Ƙafar da kika bari ba ita ce yanzu ba. Na sa ta taka bayan takardar nan na zagaye ƙafar da bik ɗin da nake rubutu da shi, ki duba. Inda layin ya karkace, nan ta yi dariya ta janye.

Sai tambaya ɗaya. Tun rasuwar maigidana Malam gidan nan bai yi hayaniya irin ta bana ba. Na saba da ita, Hindatu, ba kaɗan ba. In an yi babban hutu, ɗauke ta za ki yi, ko yaya? Ki gaya min in san inda zan ajiye zuciyata.

Zulai

Sassumbrum, watan Fabrairu

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina gaida mutanen gida da masu saurare. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Nan ma sanyi ne, yara suna zuwa aji hannu cikin hammata, sai rana ta ɗaga suke iya riƙe alli.

Tambayar da kika yi, Gwaggo, wace ni in amsa ta? Ke kika riƙe ni da Inna ta rasu, ke kika kai ni lakwal, ke kika kai ni ɗakin miji. Yarinya taki ce. Duk yadda kika yi daidai ne.

Zazzaɓin nan da kika ambata, likita ya ce a koma, ko an sallame ku ke nan? Tana cin abinci kamar da? Gudawar ta tsaya gaba ɗaya? Ina tambaya ne don akwai yarinya a ajina mai irin wannan ciwon. In irin haka ta sake faruwa, ki sa a kira direkta, shi wayarsa tana kamawa.

Ga wasu takalman, na kai takardar kasuwa na gwada a kan zanen. Na ƙara kaɗan saboda gaba. Takardar tana wurina, ban yar ba, ko za a sake bukata.

Akuyar Nasiba kuma a daina dukanta. Wataƙila ba ita ba ce.

Ƴarki,
Hinda

Dungas, watan Afrilu

Hindatu ƴar albarka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Zafi ya sauko, muna kwana a waje, muna yini a gindin bishiyar bedi. Na daɗe ban rubuto ba, azumi ne ya sha kaina.

Takardarki ta faranta min rai. Na karanta wurin nan da kika ce taki ce, na sake karantawa, Nasiba ta yi guɗa. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki kamar haka.

To ga magana. Yayanki Wada ya matsa min in koma wurinsa Kano. Ya ce ba zai bar ni in sake damina ni kaɗai da wannan gwiwar ba, akwai likitan ƙashi a can, ya kuma gyara min ɗaki. Na daɗe ina ƙi, kin san dalili, ba zan iya barin uwar ɗakina ba. Da takardarki ta zo sai na ce to, ai an warware. Na sa aka kira min mijinki Abdulwahabu a Agadas, ya ce shi ba shi da ta cewa, abin da Hinda ta faɗa shi ne. Don haka bayan Babbar Sallah Wada zai turo mota, mu tafi ni da Aziza. Can za ta yi lakwal in ta isa. Ke kuma hannunki ya sake, ki yi aikinki, ki yi mata ƙane. Kano ba nisa, kya riƙa zuwa shekara-shekara.

Bakinta ya buɗe yanzu, ba abin da ta fi iyawa sai "ba na so". In ina salla ta zo gabana ta yi goho, ta leƙo ni ta tsakanin ƙafafunta. Takalman sun yi daidai, har kwana take da su.

Bari in ba ki dariya. Na yi mata ƴar tsana ta kara, kullum tana goye da ita. Shekaranjiya sai ta kwance ta, ta kai wa Nasiba, ta ce, "Yaye." Ta juya ta tafi abinta ƙyam, har zaure ba ta waiwaya ba. Muka ce wannan uwarta ce sak! Na yi dariya har da hawaye.

Ki zo Sallah in kin samu dama, ku yi sallama.

Zulai

Sassumbrum, watan Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wannan takardar ki shiga ɗaki ki karanta. In kuma muryar ta fi ƙarfin ɗakin, to kowa ya ji, na gaji.

Ban yi dariyar ƴar tsanar ba. A bayan aji na karanta, na kasa komawa ciki, sai da direkta ya sallami yaran.

Kun ce ban waiwaya ba. Gwaggo, moton Harouna yana da madubi. Tun daga ƙofar gida idona na cikinsa, ina ganinta a hannunki tana miƙo hannu, tana ƙanƙancewa, har muka sha kwana. Wuyana ne kawai bai juya ba, don mata na tsaye.

Da na zo hutu ta ɓuya bayan zanenki, ji na yi kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Ina zaune ina ba ta baya, ina ƙirga tarin da take yi. Babu wata yarinya mai gudawa a ajina. Rigar agwagwa kuma tana ƙarƙashin matashina. Ni na cire ta daga igiya, da kununta da komai, ban wanke ba. Tun sanyi ƙanshinta ya fita, amma na kasa ajiyewa. Ki ba Nasiba haƙuri, ita da akuyarta.

Da kika tambaye ni, me zan ce? A tsakar gida za a karanta, gaban mata. Ta yaya zan buɗe baki in ce a ba ni ƴar fari? Na faɗi abin da ake faɗa. Na ɗauka ke ma za ki mayar min da abin da ake mayarwa, ki ce a'a, riƙon yaye ne, uwa ta zo ta ɗauki abarta. Ban san da gaske kike tambaya ba. Ko kuwa na sani, na rasa bakin faɗa.

Ba na ƙin ki da ita. Wallahi babu hannun da na yarda da shi kamar naki, ke kika goya ta zuwa likita ina nan ina koya wa ƴaƴan wasu baƙaƙe. Na san abin da nake roƙo zai yi miki ciwo, kuma na san na ba ki da bakina. Amma in ta tafi Kano, baƙuwa zan zama har abada, mai zuwa shekara-shekara da biskit. Rahila ta ce za ta riƙa duba min ita lokacin aji, tare da nata.

Tun ranar suna ban taɓa faɗar sunan nan ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Liman ya raɗa, kowa ya kira, ni na yi ta cewa yarinyar nan. Yau zan rubuta.

Aziza. Aziza ƴata.

Gwaggo, don Allah kada ki tafi da Aziza. Ki jira ni a rufe lakwal.

Hinda

Sassumbrum, watan Yuni

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ki ba. Direkta ya rantse ya ajiye takardata a kantin Magarya da hannunsa. Kullum in an tashi sai na hau tudu in kira, wayarki a kashe. Sallah ta wuce, jarrabawar yara ta hana ni motsi.

In fushi kika yi, kin isa, ki yi haƙuri. In kuma kun riga kun tafi, Allah ya sa kun sauka lafiya. Abu ɗaya nake roƙo: ki riƙa zana min ƙafarta kina aikowa. Ki kuma gaya mata baƙuwar nan da ta kawo biskit tana da suna.

Hinda

Dungas, watan Yuni

Hindatu,

Gaisuwa. Muna nan Dungas, ba mu tafi ba. Na fara da wannan don ki samu ki numfasa kafin ki karanta sauran.

Takardunki biyu tare suka zo. Moton Harouna ne ya lalace, ya daɗe bai leƙa Magarya ba. Waya kuma tana cikin randa, ki tambayi ƴarki yadda aka yi. Ranar da ya kawo su an riga an ɗaure kaya, motar Wada tana ƙofar gida, direba na shan fura.

Na shiga ɗaki kamar yadda kika ce, na ja labule. Amma kin san muryata. Kafin in kai zancen madubi, luguden tsakar gida ya tsaya cak. Na ci gaba, ina karantawa ina goge tabarau. Da na kai inda kika rubuta sunan, na faɗe shi yadda yake a takardar, da ƙarfi. Tana bakin ƙofa tana wasa da takalminta, sai na ji ta ce, "Na'am." Ta ɗaga labule ta shigo ta ce, "Inna, wa ke kira?" Na ce, "Uwarki ce." Ta karɓi takardar ta kara a kunne kamar waya, tana jira ki sake.

Na yi fushi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni na koya miki kunyar nan, kika iya ta har kika ruɗe ni da ita. Amma da na kwanta na tuna rijiya, da gidan sauro, da yarinyar ajinku mai gudawa, sai na ga kin daɗe kina faɗa min, ni ce na zaɓi layin da ya yi min daɗi na riƙe. Babu wadda ta yi miki dariya a gidan nan. Nasiba da ta fi kowa baki, ita ta fara jan mayafi ta rufe fuska. Ta ce ta yafe, akuyar ce dai ba ta ce komai ba.

Na sallami direba. Wada ya yi ta faɗa, na ce ya sake turowa in an rufe lakwal, ƙafa ba za ta gudu ba.

In kin zo ba ɗauka za ki yi ki wuce ba. Za ki zauna tare da mu har ta saba. Ke za ki riƙa ba ta kunu, zan bar miki ludayin. Ke za ki yi mata wanka, ki sani tana cizo in ruwa ya shiga idonta. In za ta yi barci ki miƙa mata kunnenki na hagu. Za ta ce ba ta so, za ta neme ni, za ta kira ki baƙuwa, kada ki yi zuciya. Ki kuma kira ta da sunanta a tsakar gidan nan, ni na ce. Na fara nuna mata hotonki ina cewa Mama, jiya ta lashe shi.

Wannan karon ni za a yaye, kuma ban san wane malami ke yin rubutun tsofaffi ba. Ranar da motar za ta tashi da ni, ki goya ta ki tsaya bakin zaure inda zan gan ku. Ni ba ruwana da madubi, juyowa zan yi gaba ɗaya, mai magana ya yi.

Ki zo min da rigar agwagwar. Na san ta yi mata kaɗan yanzu, ko da matsi zan sa mata ta yini da ita, ta sha kunu, ta yi birgima a ƙasa. Da yamma in cire in sa a jakata. Kada wanda ya wanke min ita.

Gwaggonki,
Zulai